Mai Fanka da Muryar Auta

A layin nan ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Fanka ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba, don in ka leƙa shagonsa fankoki za ka fara gani kafin ka ga mutum: na tsaye, na tebur, na sama da aka kwance wa fukafukai aka jingine a bango, wasu ma masu su sun manta da su tun zafin bara. Shi kuma yana can ƙurya a kan benci, tabarau a karan hanci, yana naɗa jar waya a koyil. Dama da shi mai faci ne, hagu kuma injin niƙa, wanda in ya tashi ko sallama ba a ji. Ba mai yawan magana ba ne. In ka kawo fanka ka tsaya kana ba shi tarihin ranar da ta fara ƙara, zai miƙa hannu ya juya fiffiken da yatsa ɗaya, ya saurara, ya ce maka, “Boris ne. Jibi.” In ka dawo jibi za ka same ta tana juyi.

Abin da sababbin zuwa layin ba su sani ba shi ne, hannun nan mai baƙin mai a ƙarƙashin farce ya yi shekaru yana kaɗa jita a otal. Tun yana koyon aiki abin ya soma. Ubangidansa ya jefar da wata rikoda da ta ƙone, shi kuwa ya tsince ta, ya ciro ɗan injin da ke juya kaset daga wata matacciyar rediyo ya dasa mata. Da ya danna ta yi waƙa, ranar ko abinci bai nema ba. Rikodar nan ita ce makarantarsa. A gabanta ya koyi jita, da ta aro ya fara: ya saurari layi ɗaya, ya tsayar, ya mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare, ya sake saurara, ya yi ta lalube a wuyan jita har ya sami wurin. Abokai suka riƙa taruwa a ɗakinsa har suka zama ƙungiya, shi da jita, Dogo da ganguna, wani da babbar jita mai gurnani, sai mawaƙinsu da suke kira Siriri.

Ba su taɓa ƙirƙirar waƙa ko ɗaya ba, kuma Mai Fanka bai taɓa jin kunyar hakan ba. Waƙoƙin da suka yi tashe suke ɗaukowa su yi su daidai, ba ragi ba ƙari. In mai waƙar ya ja numfashi a wani wuri, a wurin Siriri zai ja. In mai jitar cikin kaset ya goge tsirkiya bisa kuskure, Mai Fanka sai ya koyi kuskuren ya riƙa yin sa. Yakan ce waƙar mutane kayan aro ce, yadda ka karɓa haka za ka mayar. Babban yabon da ya taɓa samu shi ne ranar da wani baƙo ya tashi daga teburinsa ya zagaya bayan dandamali yana neman inda suka ɓoye rikoda.

Daga baya otal ɗin ya sayi manyan sifiku, ya ɗauki mutum ɗaya mai saka faifai, aka sallame su da godiya. Bai yi ƙorafi ba. Ya ɗora jita a saman akwatin kaya, ya yi aure, ya kama shago, yara suka zo suka girma suka watse. Rikodar dai ta biyo shi shago. Tana kan wani katako da ya kafa a bango, an ɗaure murfinta da waya, kullum tana yi masa waƙoƙin da yana aiki.

Cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta ɗauko kunnensa. Sauran in ya sauko da jita sai su tuna an aike su. Ita kuwa sai ta zauna gindin ƙafarsa har ya gama. Ta girma ta zama malamar ƙananan yara a wata makaranta da ke bayan tasha, aikin da ba a yin sa sai da maƙogwaro, don ƙaramin yaro ba ruwansa da rubutun allo, sai an faɗa masa, an rera masa, an sake faɗa masa. Muryarta mai kauri ce, tana zaune ƙasa-ƙasa. In ta amsa waya, wanda bai san ta ba yakan ce, “Yi haƙuri malam, da malama nake son magana.”

Ita ta zo masa da maganar bidiyo, wata Asabar da hantsi. Ta tura masa waya gaban tabarau. Wani saurayi ne zaune a bakin gado yana rera waƙar wani da jita.

Ya kalla har ƙarshe, ya mayar da kai kan koyil. “Ya cinye rabin amshi. Kuma tsirkiyarsa ta uku ta saki.”

“Dubban mutane sun kalla fa, Baba.”

“Dubban ma ba su da kunne.”

“To kai da kake da shi ka fito ka nuna musu mana.”

Ya ci gaba da naɗinsa. Amma da ta leƙo Asabar ta gaba, ta tarar da jitar a shago, an goge ta, an sa mata sababbin tsirkiyoyi.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki inda yake tara fankokin da suka mutu murus. Nan suka mayar wurin ɗauka. Auta ta rataya farin zanen gado a bango, ta cire kan wata fankar tsaye ta ɗaure wayarta a sandar da robar taya. Sai sun jira mai niƙa ya tafi cin abinci, sannan a roƙi mai faci ya kashe injin iskarsa. Cikin ɗan shirun nan ake aiki. Ba a kunna fanka don waya tana ɗaukar hucin iska, saboda haka a ɗaki cike da fankoki suke zama suna tsiyayar gumi, shi yana kaɗawa, ita tana rerawa. In sun gama ta ɗora a intanet.

Abin ya karɓu fiye da yadda ta zata. Yawancin masu kallon mutane ne da waƙoƙin suka yi tashe suna samari da 'yan mata. Wani ya rubuta cewa ya tsayar da mota a gefen titi sai da ya ji ta ƙare. Wata ta ce waƙar da mahaifiyarta ke yi tana guga ce. Auta takan karanta masa, shi kuma ya ce yabo ba ya juya fanka. Sai dai bai taɓa ce mata ta daina karantawa ba.

Matsalar daga waƙoƙin ta taso. Waɗanda aka fi nema na wata mawaƙiya ce ta zamanin da, mai siririyar murya kamar ta ƙaramar yarinya, wadda kaset ɗinta ya fi kowane daɗewa a cikin rikodar. Kafin Auta ta kai inda matar nan ke kaiwa sai ta ɗaga haɓa, jijiyoyin wuyanta su fito raɗau. Maganin abin kuwa ba wuya. Wuyan jita a rarrabe yake gaɓa-gaɓa kamar rake, in mai kiɗa ya sauya gaɓar da yake farawa, kiɗan duka sai ya sauko, mai waƙa ta sami sarari.

“Baba, ka ɗan sauko mini da ita,” in ji Auta.

“A nan mai ita ta yi ta.”

“Mai ita muryarta daban, tawa daban.”

“To ki yi taki waƙar. Wannan ta mutane ce.”

“Ko rigar aro ce ai ana naɗe hannu.”

“Ana naɗewa. Ba a yankewa.”

Haka za su fara. In ta kasa kaiwa saman amshi, sai ya kifa tafin hannu a kan tsirkiyoyi ya ce, “Sake.” Ta sake. Wata rana har mai niƙa ya dawo ya tayar da injinsa ba su sami wadda ta gamsar da shi ba, sai su jira wutar lantarki ta ɗauke su ci gaba.

Cikin masu sharhi akwai 'yan ƙalilan da ke rubuta wani abu daban. Wani ya tambaya me ya sa suke gudu kamar ana korarsu. Wani ya ce tasu ta fi ta asali tsini. Mai Fanka ya ce ba yau aka fara ba, tun yana saurayi gidajen rediyo suke jan waƙoƙin nan, injinansu ne suka gaji. Auta ta nemo ta asalin a waya ta kunna, ta ce ya bi. Ya bi, kiɗan biyu suka ƙi haɗuwa, kowanne ya kama gabansa.

“Ka ji ko, Baba?”

“Na ji. Ta cikin wayar nan hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ki? Kowa ya taɓa. Nawa kaset da ledarsa na saye shi, ni na farke ta.”

Gaskiya ya faɗa.

Muryar ba rana ɗaya ta tafi ba. Da farko ranar Litinin ce kawai take wayar gari a dishe, zuwa Laraba ta washe. Daga nan ta riƙa kaiwa Alhamis. Mahaifiyarta ta bi ta da zuma da ruwan ɗumi. Mai Fanka ya ce ƙurar alli ce da ihun yara. Sai wata safiya a aji ta buɗe baki za ta rera wa yara waƙar ƙirga, iska kawai ta fito. Yaran suka ɗauka wasa ne suka yi ta dariya suna kwaikwayonta. Shugabar makaranta ta ce ta tafi asibiti.

Matar Mai Fanka ba mai zuwa shago ba ce, ta ce ƙarar layin tana sa mata ciwon kai. Ranar nan da rana tsaka ya ɗaga kai ya gan ta a bakin ƙofa da katin asibiti a hannu. Ya share mata benci, ta ƙi zama.

“Malam, likita ya leƙa maƙogwaronta da madubi. Ya ce kanta ce ta fara fito mata a inda murya ke fita, irin wadda ke yatsunka. Ya hana ta magana sam, ko raɗa. Ya ce in ta huta za ta baje. In ta koma ja da ƙarfi, sai dai wuƙa, kuma bayan wuƙa bai yi alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba.”

“Makarantar fa?”

“Sun sa wata ta riƙe ajin. Sun ce za su jira, amma ka san irin jiran masu makaranta.”

Ya juya sukundireba a hannunsa. “Yaran nan ma ihu gare su.”

“Shekara nawa tana ihu da yara ba ta dishe ba? Ni ban san kiɗa ba, Malam, amma ina da ido. Yarinya ta dawo ran Asabar tana haɗiyar ruwa kamar tana haɗiyar ƙaya.”

“Ban ɗaure ta ba. Da ta ce ba za ta iya ba.”

“Ta ce ka sauko, ka ƙi. Ka san abin da ya hana ta bari? A gida in ta gaishe ka, kanka na kan rediyo kake amsawa. A ɗakin nan na matattun fankoki ne kawai kake kallon fuskarta. Shi ya sa.”

Ta ajiye masa katin a kan benci ta tafi. Ya daɗe yana kallon yatsun hannunsa na hagu. Ya san kanta. Ya san ba ta fitowa sai inda aka yi ta gurzawa wuri ɗaya. Duk da haka a ransa yana ganin abin da ya kamata shi ne su bar waƙoƙin matar nan kawai, tunda Auta ba ta kai ba. Bai ga ta inda za a taɓa waƙar mutane ba.

Cikin makon wani tsohon direba ya kawo masa rediyo mai cin kaset, a naɗe cikin tawul.

“Ni fanka nake gyarawa, Baba.”

“An ce kai kaɗai ka rage a layin da ya san cikinta.”

Ba wani abu ba ne, bel ɗin roba ne ya narke. Ya canja shi bayan tsohon ya tafi. Da zai gwada, ya miƙa hannu ya zaro kaset daga tasa rikodar ya saka. Waƙar ta fito a sanyaye, tana jan ƙafa. Ya ce a ransa, wannan ma ta gaji. Ya cire batir ya jona ta da wuta, ba ta sauya ba. Ya duba bel, ya goge ƙafafun da ke jan zaren, ya ɗiga mai. Komai lafiya. Shi kuma ba ya mayar wa mutum kaya yana ja. Ya leƙa waje ya kira mai faci, ya ce ya nemo masa waƙar nan a wayarsa. Suka kunna biyun tare. Rediyon tsoho da wayar mai faci suka tafi kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe, kamar tagwaye.

Shaidu biyu ke nan da ba su san juna ba.

Ya sauko da rikodarsa, ya kwance wayar murfin, ya buɗe bayanta. Rabon da ya ga cikinta tun kafin ya yi aure, don ba ta taɓa ba shi dalili ba. Ga ɗan injin nan da ya dasa, ga dalma dunƙule-dunƙule, aikin ɗan koyo, irin wanda yau in wani ya yi masa sai ya ce ya je ya nemi wata sana'a. A bayan injin akwai ɗan rami, a ciki akwai ƙaramin noti da ake daidaita gudu da shi. Yau ya san da shi. A lokacin da ya dasa bai sani ba. Ta yi waƙa, ya yi murna, ya rufe.

Ya mayar da kaset cikin rikodarsa, ya ce wa mai faci ya sake kunnawa. Ya zura siririyar sukundireba ya fara juyawa a hankali. Muryoyin biyu suna karo, suna matsowa, suna matsowa, har suka zama ɗaya. Sai ya ji mawaƙiyar. Ashe ba yarinya ba ce. Babbar mace ce, muryarta da nauyi, da 'yar gajiya a ƙarshen kowane layi, irin ta wadda ta ga duniya. Shekaru sama da talatin yana jin ta kullum, yau ya fara jin ta.

Ya ɗauki jita ya laluba. Gaɓa ɗaya ce tsakani, faɗin yatsa biyu. A kan wannan faɗin ya koyi duk abin da ya iya, ya koya wa ƙungiya, ya yi gardama da gidajen rediyo. Shi da yake gane busasshen boris daga tsallaken titi. Amma da me zai gane? Da rikodar yake auna komai, ita ce mudun, ba wanda ke auna mudu.

“Lafiya dai, maƙwabci?” in ji mai faci. “Ko na kashe?”

“Bar ta ta ƙare.”

Da yamma ya rufe shago da wuri ya tafi wajen Dogo mai ganguna, wanda yanzu ke gadin wani sito a bayan kasuwa. Ya same shi a kan kujerar roba yana kaɗa yatsu a murfin bokiti.

“Shugaba da kansa? Wa ya mutu?”

Mai Fanka ya zauna a kan bulo ya gaya masa, a taƙaice. Dogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Ashe shi ya sa kafaɗata ta lalace. Ina ta bin motar da ba ta da birki, kai kuma kana harara ta wai ina jan ƙafa.”

“Kana ja ɗin ma wani lokaci.”

“Ka ji shi. To masu rawa dai ba su taɓa kawo ƙara ba. Su ai gudun ne ya yi musu. Ka tuna mai otal yana cewa mun fi kaset daɗi? Kai kana jin haushi wai ba a fin kaset.”

Dariyar ta lafa. Dogo ya daina kaɗa bokiti. “Siriri fa,” ya ce.

Siriri bai yi shekaru da yawa da su ba muryarsa ta mutu. A lokacin wasu sun ce sigari ne, wasu sun ce hannun maƙiya. Yanzu yana tuƙa motar haya a wani gari, da hon yake kiran fasinja.

“Sigarin ma ya sha,” in ji Dogo. “Kada ka kwashe duka ka ɗora wa kanka.”

“Ban ce komai ba.”

“Na sani. Kai ai ba ka cewa. Ka je ka ba yarinya haƙuri, Shugaba.”

“Haƙuri ba ya gyara maƙogwaro.”

A hanyar dawowa ya yi ta juya abin. Kayan aron da yake taƙama yana mayarwa yadda ya karɓa, bai taɓa mayar da su daidai ba ko sau ɗaya, kuma waƙoƙin ba su mutu ba, mutane sun yi rawa, wani ya tsayar da mota a gefen titi. Abin da ya lalace maƙogwaron mutane ne. Ya kuma san ko ya sauko da gaɓa ɗayan nan ya koma ta asali, ba za ta ishi Auta ba. Sai an sauko sosai, inda mai waƙar ba ta taɓa zuwa ba.

Tambayar ita ce ina ne wurin. Auta ba ta magana, da rubutu a waya take neman gishiri a gida. Sai ya ari wayar matarsa ya tafi da ita shago. A farkon kowane bidiyo Auta takan gaishe da masu kallo da muryarta ta magana kafin a fara kiɗa. Wannan gaisuwar ya riƙa saurara. Ya tsayar, ya mayar baya, ya sake saurara, yana lalube a wuyan jita har ya sami inda muryar ke zama in ba wanda ya matsa mata. Daga nan ya fara gina waƙar.

Aikin ya fi yadda ya zata wuya. Duk inda yatsunsa suka saba sauka ya tashi. Hannun da ya yi shekaru yana naɗin waya ya ƙage, kuma da ya ɗan sake hankali sai ya koma tsohon gidansa kamar akuyar da aka sayar a unguwa. Ya yi ta yi tsakanin aiki da aiki, da lokacin da mai niƙa ke hutawa. Har wani ya zo karɓar fanka ya tarar ba a taɓa ta ba, ya tsaya yana kallon Mai Fanka kamar ya ga baƙo. Mai faci kuwa ya ce in ya sake jin farkon waƙar nan zai kai ƙara wajen mai gidan haya.

Bayan wasu makonni likita ya ce kantar ta baje. Ya yarda ta koma aji da sharaɗin ta riƙa amfani da ƙararrawa maimakon ihu. Waƙa kuma kaɗan-kaɗan, guda ɗaya a zama, in ta ji zafi ta tsaya. Ran Asabar ta zo shago da rana, daidai lokacin da mai niƙa ya rufe. Ta gaishe shi a hankali. Muryar ta dawo, tana tafiya da ita kamar mai ɗauke da ƙwai.

“Na zo ɗaukar zanen gadona, Baba. Na gaya wa masu kallo mun dakata.”

“Yana ciki.”

Ta shiga ta fara kwance igiya. Ya bi ta da jita, ya zauna a kan kujerarsa, ya fara kaɗa farkon waƙar. Hannunta ya tsaya a kan igiyar. Waƙar ce, ba shakka, amma ta sauko ƙasa, tana tafiya a natse. Ba ta san lokacin da ta fara binta da hanci ba. Ba ta ɗaga haɓa ba.

“Ba a nan mai ita ta yi ta ba,” ta ce.

“A'a.”

“Kayan aron fa?”

“Rikodar ce ke gudu. Tun kafin a haife ki.”

Ta kalle shi, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa.

“Likita bai hana dariya ba?” in ji shi.

“Bai hana ba.”

“Waƙa nawa ya ce?”

“Ɗaya.”

“To ɗaura wayar. Je ki ce wa mai faci ya kashe.”

Suka ɗauka. Muryar ta zauna a cikin kiɗan kamar an auna ta, ta fito da wani nauyi da shi kansa bai san tana da shi ba. A amshi na biyu yatsansa ya zame ya koma tsohon wuri, wani sauti mai tsami ya fita, wanda ko kurma zai ji. Auta ta ɗan juyo da ido. Bai tsaya ba, ya kamo hanya, suka kai ƙarshe.

Ta miƙa hannu wajen wayar. “Mu sake? Mai niƙa bai dawo ba tukuna.”

Ya san abin da zai biyo baya. Dubban mutane za su ji, masu kunne a cikinsu za su rubuta, kuma gaskiya za su rubuta. A rayuwarsa bai taɓa barin irin wannan ya fita daga hannunsa ba. Ya dubi wuyanta. Ta haɗiye yawu, fuskarta ba ta motsa ba.

“Maƙogwaron fa?”

“Lafiya lau. Ko ƙaiƙayi ban ji ba.”

“To ɗora shi haka.”

“Baba, ka yi kuskure a amshi na biyu.”

“Na ji. Ai ina wurin.” Ya jingine jitar a bango ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. “Ki sha ruwa, ba mai sanyi ba. Ran Asabar ki zo da wata, amma ki faɗa mini ita tun Litinin. Hannun nan ba ya koyo da sauri yanzu.”

Ta zauna a kan kujerarsa tana danna waya. Shi kuma ya fita gaban shago, inda wata mata ke tsaye rungume da fankar tebur tana jiransa.